Yisti Mai Sauya Kama: Yadda Kandida Ke Gina Ganuwar da Magani Ke Kasa Ketawa

A ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akan sami uwa ta buɗe bakin jaririnta ta tarar da wani farin abu ya manne masa a harshe da cikin kumatu. Da farko takan ɗauka guntun nono ne ya kwanta, sai ta sa tsumma ta goge, amma abin ya ƙi fita. In ta matsa da guga, sai wurin ya yi ja wur, wani lokaci har da ɗigon jini. Daga nan yaro ya shiga ƙin kama mama saboda zafi, in kuwa dama ba shi da ƙwarin jiki, sai rama ta biyo baya.

Wannan farin abu miliyoyin ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda suka haɗu suka manne da juna, suka kuma lulluɓe kansu da wani irin yauƙi. Sunan halittar Kandida, masana kuma suna kiran nau'in da ya fi yawa a jikin mutum Candida albicans. Ita ce kuma ke jawo yawancin ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri da mata kan sa a cikin abin da suke kira ciwon sanyi. An ƙiyasta cewa mata uku daga cikin huɗu sukan yi fama da wannan aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Binciken da aka yi daga shekarar 1987 zuwa yau ya nuna cewa ƙarfin Kandida yana cikin iya sauya kamarta, kuma kamar da ta ɗauka ita ke yanke irin ginin da za ta yi a jikin mutum.

Wace ce Kandida?

Kandida yisti ce, wato 'yar uwar yistin da ake zubawa a ƙullin masa da kwaɓin burodi, sai dai kowanne jinsinsa daban. Dukkansu dangin fumfuna ne, irin wadda kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayar Kandida guda ɗaya ƙarama ce ƙwarai, domin sai an jera kamar 200 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Tana hayayyafa ta hanyar toho: ƙaramin kumburi ya fito a gefen uwar, ya girma, sannan ya ɓalle ya zama sabuwar ƙwaya.

A shekarar 1839 wani likita Bajamushe, Bernhard von Langenbeck, ya hango ta a cikin farin da ya kankaro daga bakin wani majinyaci. Sunan da ake kiranta da shi yanzu kuwa wata masaniya ce 'yar ƙasar Holan, Christine Berkhout, ta raɗa mata a 1923, kuma kalmomin biyu duk daga Latin suke, suna nuni ga fari.

Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne, akasarin masu lafiya suna ɗauke da Kandida a baki ko a hanji ba tare da ta cuce su ba. Abu biyu ke tsare ta: garkuwar jiki, da kuma ɗimbin bakteriya masu amfani da ke gasa da ita wajen abinci da wurin zama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar bangon a nan ita ce tamowa ga yara, ko ciwon suga da ba a kula da shi ba, ko cutar ƙanjamau, ko juna biyu, ko yawan shan maganin kashe bakteriya. Haka kuma fatar da ke yini a jiƙe takan ba ta ƙofa, shi ya sa masu aikin shinkafa a fadamun Gulbin Rima da mata masu yawan wanki da wanke-wanke kan sami kumburin gefen farce ko farin ruɓewa a tsakanin yatsu.

Yauƙin randa da ganuwar birni

Duk wanda ya taɓa wanke randar da ta kwana biyu da ruwa ya san santsin da kan kwanta a cikinta. Irin wannan santsi ne ke kan simintin magudanan ruwan noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, shi ne kuma a ƙarƙashin kwalekwalen masunta. Ɗauraya kawai ba ta fitar da shi, sai an sa soso an dirje. Masana suna kiransa bayofim, wato shimfiɗar ƙananan halittu da suka manne a kan wani abu suka rufe kansu da yauƙin da su da kansu suka fitar.

Tun a 1683 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, ya ga halittu suna motsi. Da ya kuskure baki da ruwan tsami mai ƙarfi ya sake dubawa, sai ya lura cewa na sama-sama kaɗai suka mutu, na ciki suna nan da ransu. Wannan ɗan gwaji ya ƙunshi dukan matsalar da likitoci ke fama da ita a yau.

Mutanen Wurno ba sa bukatar dogon bayani a kan amfanin ganuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da garin ribaɗi, ya zauna a cikinsa, a nan kuma ya rasu a 1837. Hikimar ribaɗi ita ce, jama'ar da ke warwatse a daji abin farauta ce ga mahara, amma in suka taru wuri guda suka kewaye kansu, sai mai ƙarfi sosai ke iya taɓa su. Wannan dabara ta taruwa da kewaye kai tana nan har a tsakanin halittun da ido ba ya gani.

A shekarun 1994 da 1995, Stephen Hawser da Julia Douglas na Jami'ar Gilasgo a Sikotlan sun shuka Kandida a kan gutsattsarin robar da ake sa wa majinyata a asibiti. Sun ga ta yi shimfiɗa, sun kuma tarar cewa maganin da ke hana ƙwayoyin da ke yawo a ruwa sakat ba ya yi wa na cikin shimfiɗa komai sai an ninka shi sau da yawa. Bincike na baya ya nuna cewa ga magani irin fulukonazol, ninkin kan kai sau 1,000, abin da jikin mutum ba zai iya ɗauka ba. Dalilan sun haɗa da wani sinadari mai suna gulukan da ke cikin yauƙin, wanda ke kama maganin ya riƙe kafin ya isa ciki, da wasu ƙananan famfuna a jikin ƙwayoyin masu tofar da maganin waje, da kuma wasu 'yan tsirarun ƙwayoyi da kan yi lamo kamar masu barci har guguwar magani ta wuce.

Sauyi na farko: daga ƙwallo zuwa zare

Ginin shimfiɗa yana da matakai huɗu, kuma ba ya yiwuwa sai da sauya kama. Da fari, ƙwayoyi masu siffar ƙwallo suna mannewa a kan roba ko fatar cikin baki, su zama harsashi. Na biyu, su hayayyafa, wasunsu kuma su fara miƙewa. Na uku, waɗanda suka miƙe su zama dogayen zaruruwa masu sarƙewa da juna kamar saƙar zana, yauƙi ya cike tsakaninsu. A ɗakin gwaji wannan kan kammala cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Na huɗu, sababbin ƙwallaye su riƙa ɓallewa daga saman ginin suna bin ruwa ko jini, su je su kafa wani sabon gari.

Abubuwan da ke sa ƙwallo ya zama zare su ne ainihin yanayin cikin jikin mutum: zafin digiri 37, da ruwan jini, da iskar kabon dayoksaid. Zaren shi ke huda fata, kuma a 2016 masana daga Landan da Jamus suka gano wata guba da yake fitarwa, suka sa mata suna kandidalaisin. Ita ce ke yaga ƙwayoyin fatar baki, har uwa ta ga ja a ƙarƙashin farin. Tun a 1997 ma, ɗakin binciken Gerald Fink a Amurka ya nuna cewa Kandidar da aka hana ta yin zare ba ta iya kashe ɓeran gwaji. Irin wannan gurguwar Kandida, in ta yi shimfiɗa, takan fito siririya mara ƙwari.

Daɗin daɗawa, ƙwayoyin suna da hanyar sanin yawansu. A 2001 masana a Jami'ar Nebraska suka gano cewa suna fitar da wani sinadari mai suna fanesol. In sun yi yawa a wuri guda sinadarin ya taru, sai ya hana sababbi zama zare, su tsaya a ƙwallaye masu sauƙin ɓallewa. Wato gari ya cika, sai a fita neman sabon mazauni.

Sauyi na biyu: fara da dusasshiya

Sauyin da aka bayyana a sama amsa ce ga yanayi, da zarar yanayin ya gushe sai ƙwaya ta koma yadda take. Akwai wani sauyin da ya fi wannan ban al'ajabi. A 1987, David Soll da abokan aikinsa a Jami'ar Ayowa ta Amurka suna nazarin wata Kandida da aka samo daga jinin wani majinyaci, sai suka ga tana fitowa iri biyu a faranti guda. Wani tarin fari ne fat, mai tudu da sheƙi. Wani kuma shimfiɗaɗɗe ne, launinsa a dusashe kamar toka. A ƙarƙashin madubi, ƙwayoyin farin tari zagayayyu ne masu santsi, na ɗayan kuwa sun fi girma, dogaye kamar ƙwayar wake, da ƙananan ƙuraje a bayansu. Aka kira ta farko fara, ta biyu kuma dusasshiya.

Abin lura a nan shi ne, kundin gadon su biyun iri ɗaya ne, babu ko harafi guda da ya canza a cikin umarnin gado wajen 6,000 da Kandida ke da su. Duk da haka fara fara take haifa, dusasshiya kuma dusasshiya, har tsatso bayan tsatso. Sai kamar sau ɗaya a cikin haihuwa 10,000 ake samun wadda ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Misalinsu kamar ɗalibai biyu ne masu riƙe da littafi guda, amma kowanne ya buɗe shafi daban yana aiki da abin da ke ciki.

A 2006, ƙungiyoyin masana uku, kowacce a nata ɗakin bincike, suka gano makunnin wannan sauyi, wani umarnin gado da aka sa wa suna WOR1. Furotin ɗin da yake samarwa yana komawa ya ƙara kunna umarnin da ya samar da shi, kamar wutar da ke hura kanta. In ya taru ya wuce wani mizani, ƙwaya ta zama dusasshiya, 'ya'yanta kuma su gaji isasshensa su ci gaba a haka. Akwai abokin hamayyarsa mai suna EFG1, wanda ke riƙe ƙwaya a matsayin fara.

Kowace kama da inda ta fi ƙarfi. Fara ta fi ɓarna in ta shiga jini. Dusasshiya ta fi iya zama a kan fata, inda zafi bai kai na cikin jiki ba, kuma a faranti in aka kai ta digiri 37 takan koma fara gaba ɗaya, sai dai in akwai wadatar kabon dayoksaid. Haka nan wasu fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, ba su cika kula dusasshiya su haɗiye ta kamar yadda suke yi wa fara ba.

To, mene ne amfanin wannan sauyi ga Kandida? An daɗe ana zaton ba ta barbara sam, toho kawai take yi. A 1999 Christina Hull da Alexander Johnson na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano tana da alamar jinsi iri biyu, a da alfa. A 2002 kuma Mathew Miller da Johnson suka nuna cewa dusasshiya ta fi fara iya barbara kusan sau miliyan guda. Sun kuma nuna cewa ƙwayar da ke ɗauke da a da alfa a haɗe, kamar yadda fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu a jikin mutane suke, a kulle take a matsayin fara a yanayin da aka saba. Sai ta rasa ɗaya daga cikin alamomin biyu, ta zama a zalla ko alfa zalla, sannan ƙofar sauyi ke buɗe mata.

Gini iri biyu

A nan ne labarin sauya kama ya sake haɗuwa da na shimfiɗa. Dusassun ƙwayoyi kan fitar da wani sinadarin kira mai suna feromon domin jawo abokin barbara. A 2006 Karla Daniels da Soll suka ba da rahoton cewa fararen ƙwayoyi ma suna jin wannan kira, alhali su ba sa barbara. Abin da kiran ke sa su yi shi ne su ƙara danƙo, su manne da juna da kuma abin da suke kai, su yi shimfiɗa mai kauri. Ke nan 'yan tsirarun dusassu suna sa ɗimbin farare su gina musu rumfa. Fa'idar rumfar ita ce, a cikin ruwa mai motsi sinadarin kira watsewa yake yi, amma a cikin shimfiɗa yana tsayawa, har dusasshiya ta bi ƙamshinsa ta miƙa ta isa ga abokiyarta.

A 2011 ɗakin binciken Soll ya kwatanta shimfiɗun biyu. A ido kamarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Shimfiɗar ƙwayoyi masu a da alfa a haɗe ta fito kamar birni mai ganuwa da rufaffun ƙofofi: fulukonazol bai keta ta ba, fararen ƙwayoyin jini ma sun kasa kutsawa. Shimfiɗar masu alama guda kuwa ta fito kamar rumfunan kasuwa: magani ya ratsa ta, sojojin jiki sun shige ta, amma ita ce ta fi dacewa da barbara. Suka kira ta farko shimfiɗar cuta, ta biyu shimfiɗar barbara.

Masana ba su gama daidaita baki a kan dukan bayanan ba. A 2013 ɗakin binciken Richard Bennett na Jami'ar Brown ya sami sakamakon da ya saɓa wa na Soll game da umarnin gadon da ke isar da saƙon feromon a cikin farar ƙwaya. A 2014 kuma ɗakin nasa ya nuna cewa a wata 'yar uwar Kandida mai suna Candida tropicalis, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi, al'amarin a juye yake: dusassun ne da kansu ke gina shimfiɗar barbara. Wannan darasi ne ga ɗalibin kimiyya, cewa abin da aka gani a jinsi guda ba a yanke hukunci da shi a kan ɗan uwansa sai an gwada.

Abin da ya ƙulla sauye-sauyen nan wuri guda ya fito a 2012, lokacin da Clarissa Nobile da Johnson suka gano manyan umarni shida da ke jagorancin ginin shimfiɗa, waɗanda ke juya wasu wajen 1,000. Ɗaya daga cikin shidan shi ne EFG1, wanda ke riƙe ƙwaya a fara, ake kuma bukatarsa wajen yin zare. Ashe makunni guda ne ke da hannu a ayyukan uku. Saboda haka masana ke neman maganin da zai hana Kandida sauya kama, ko ya tilasta mata yin gini mai buɗaɗɗun ƙofofi, maimakon a tsaya ga ƙoƙarin kashe ta kawai.

Abin da wannan ke nufi a gida da asibiti

A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sa Candida albicans cikin huɗun da ke sahun gaba. Dalili kuwa, in ta shiga jini, tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na majinyatan kan rasu ko da ana ba su magani. Hanyar shigarta sau da yawa roba ce da ta daɗe a jijiya, ita ma robar fitsari takan zame mata mazauni. Majinyacin da aka ɗauko daga Goronyo ko Wurno ko Rabah zuwa babban asibiti a Sakkwato, ya yi makonni a kwance, yana cikin masu wannan haɗari, kamar takwaransa a kowace ƙasa. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a cire roba da zarar bukatarta ta ƙare, in kuma Kandida ta kama ta, a cire ta a haɗa da magani. Masu jinya su daina ganin cire roba ko sauya ta a matsayin wahalar da mara lafiya. Akwai magunguna irin su kasfofunjin da ke iya taɓa shimfiɗa, amma suna da tsada, kuma allura ce da sai a asibiti.

A gida ma ilmin yana da amfani. Bakin bulumboti da haƙoran roba wurare ne da shimfiɗa ke so, kuma kamar randa, ɗauraya ba ta isa: bulumboti sai an dirje an tafasa, haƙoran roba kuma a cire su da dare a goge. Kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin tsabtacewa. Jaririn da farin nan ya kama a kai shi asibiti, inda akan ba da ɗigon nistatin, a kuma duba kan maman uwar, domin su biyun kan riƙa mayar wa juna da cutar. Kada a kankare farin da ƙarfi. Babban mutum kuwa da farin ya fito masa a baki ba tare da wani dalili sananne ba, ya kamata a auna masa suga a kuma duba garkuwar jikinsa.

Babban kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne sayen kafso a kemis duk lokacin da aka ji ƙaiƙayi ko aka ga farin ruwa. Maganin bakteriya ba ya taɓa Kandida ko kaɗan, sai ma ya kashe maƙwabtan da ke tsare ta, ya share mata fili. Kuma ba kowane abin da ake kira sanyi ne Kandida ba, gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai tushen wannan darasi ba tare da kayan tsada ba. A zuba ruwan gulbi a kwalabe biyu masu faɗin baki a ajiye mako guda a inuwa, sannan a zubar, a ɗauraye ɗaya kawai, ɗayar kuma a dirje ta da soso, a sa ɗalibai su shafa cikinsu su kwatanta, su wanke hannu da sabulu bayan nan. In makaranta tana da madubin ƙara girma, ɗigon yistin burodi da aka jiƙa a ruwan sukari mai ɗumi zai nuna musu toho ƙuru-ƙuru. Ba a shuka abin da aka ɗebo daga jikin mutum a ɗakin gwajin makaranta, wannan aikin ƙwararru ne.

Yaro ko yarinyar da suka shafa santsin kwalbar nan suka tambayi dalilin da ya sa ruwa bai fitar da shi ba, sun yi tambayar da Leeuwenhoek ya yi a 1683, wadda har yau masana ke kan amsa ta. Kafin a kai ga maganin da zai hana Kandida sauya kama, abin da ke hannun kowa shi ne ya hana ta wurin kafa harsashi: a ciyar da yara da kyau, a kula da ciwon suga, a busar da hannu da ƙafa bayan aikin ruwa, a kuma bar shan kafso sai da umarnin likita.